Kofi Na Biyar

Penn Yan, 7 ga Afrilu

Gwaggo Lovina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata ƙafarki ta yi sauƙi, Kawu Titus kuma ya daina tari. Mu nan lafiya lau. Mama ta shuka albasa, jar saniya ta haifi 'yar maraƙa, ƙanƙarar bakin tafki ta narke saura kaɗan a ƙarƙashin gada. Baba yana cin abinci, amma ba ya neman ƙari.

Gwaggo, zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Abu biyu ne. Na yi sata, kuma na ɗanɗana giya.

Satar ta takarda ce. Kin san Mista Teague ya kori Baba bara, amma ba ki san yadda aka yi ba, don ƙaninki ba zai taɓa rubuta miki ba. Shekara goma sha ɗaya Baba yana kula masa da gonar inabi. Kowace kaka kafin sanyi ya shigo, sai ya bi layuka da garma ya huɗa ƙasa ta rufe gindin kowace kuringa, har sama da gaɓar da aka yi mata aure. In sanyi ya kashe saman, abin da ke cikin ƙasa zai sake toho. A nan ko ɗan goye ya san haka. To bara waccan, a watan Nuwamba, Mista Teague ya jefa takarda a akwatin wasiƙunmu. Ni na ɗauko ta. Ga abin da ya rubuta:

“Ammon, kada ka huɗa layukan bakin tafki bana. Na shuka ciyawa a ƙarƙashinsu, ba na so a binne min ita. Sanyin da kuke tsoro na zamanin kakanku ne.”

Baba ya karanta sau biyu, ya ɗauki hularsa ya je ya roƙe shi. Ya dawo, bai huɗa layukan ba. A Fabrairu sanyin zamanin kakan namu ya zo ya kwana uku. Layi goma sha takwas suka mutu. Da aka ga ba su toho ba, Mista Teague ya tsaya a shagon kayan gona, gaban manoma, ya ce Ammon Sensenig malalaci ne, ya manta bai huɗa ba. Baba yana tsaye riƙe da ƙunshin ƙusa. Takardar tana gida cikin littafin addu'arsa. Bai ce uffan ba. Tun ranar babu gidan giya ɗaya da ya kira shi datse rassa. Mutumin da ake rububinsa, yanzu akwatunan katako yake haɗawa a rumfar maƙwabci.

Ni kuwa har yau ina wanke kofuna a gidan giyar mutumin. Da na ce zan bari, Baba ya ce, “In kika bari za a ce mun riƙe shi a zuci.” Mun riƙe shi mana, Gwaggo. Ni dai na riƙe. Ko sunana bai sani ba, da hular da matan ikkilisiyarmu ke sawa yake kirana. “'Yar Hula, bokiti!” “'Yar Hula, kin haɗiye harshenki ne?” Baƙinsa su yi dariya, ni in sunkuyar da kai.

Giyar kuma ba sha nake yi ba. Marisol mai aikin rumbun giya ce ta nuna min yadda suke yi. A shaƙa, a kurɓa, a wurwura a baki, a tofar a bokiti. Ana ta buɗe sababbin kwalaban bana, ni kuma sai in taɓa ɗigon da ya rage kafin in wanke. Mai kumfar kamar ki ciji ɗanyar tuffa kusa da kwaɓin burodi yana tashi. Jar ba ta da kauri, ƙamshinta ɗanyen tattasai ne da fiƙar fensir ta makaranta. Marisol ta ce shekarar ruwa ce da sanyi, shi ya sa duk suka yi tsami. Akwai wata fara da ban taɓa ba tukuna, ta inabin ƙarshe da Baba ya tsinka a bakin tafki kafin layukan su mutu. An ajiye ta shekara da rabi.

Ranar tara ga Mayu wata mata mai rubutu a kan giya za ta zo daga birni ta ɗanɗana sababbin giyar gidajen tafkinmu. A ɗakin Mista Teague za a haɗu. Takardar na ɗauke ta daga littafin Baba, tana cikin safata. Na tanadar masa ranar.

Don Allah kada ki gaya wa kowa.

'Yarki,
Elva

Latham, Missouri, 14 ga Afrilu

Elva 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, ita ke gaya min ruwa zai sauko kafin gajimare ya sani. Kawunki ya daina tari ya koma munshari, ban san wanne ya fi ba.

Wasiƙarki sau uku na karanta, na ukun a zaune. Ke da ba ki iya gaida baƙo sai kin ɓuya bayan zanen uwarki, ke ce yau kike wurwura giya a baki? “Ba sha nake yi ba.” Haka Kawu Menno ya ce, wanda aka tsinta a kwalbati dokinsa ya koma gida shi kaɗai. Shi ma da ɗanɗano ya fara. Shekararki goma sha biyar, bara kika gama aji takwas. Ki wanke kofin da ruwa, ba da harshe ba.

Maganar Ammon kuwa, ni na goya shi, na fi ki saninsa. Yana ɗan shekara tara aka doke shi a kan ƙofar garke da ni na bari a buɗe, bai faɗa ba har yau. Na ji zafin abin da mutumin nan ya yi masa, har na ƙona miya ina tunani. Amma mu a ikkilisiyarmu ba ma kai ƙara, ba ma ramawa. In kika fito da takardar nan gaban mutanen waje, dattawan ikkilisiya za su ce Ammon ne ya turo 'yarsa ta yi masa yaƙin da shi ya ji kunyar yi. Kin ga ya rasa suna a gona, ya zo ya rasa a majami'a.

Ki saka takardar a ambulan ki aiko min, in ajiye ta a inda ɓera ma ba ya kaiwa. Ki rubuto ki ce kin daina taɓa abin nan. Na ba ki mako biyu. In na ji shiru, zan san giyar ta fi ni murya a kunnenki, kuma zan rubuta wa ubanki.

Gwaggonki mai ƙaunarki,
Lovina

Latham, 29 ga Afrilu

Elva,

Gaisuwa. Muna lafiya. Kwana goma sha biyar ina zuwa akwatin wasiƙa da sandata, ba komai sai tallan iri. Yau na rubuta wa Ammon. Na gaya masa maganar takarda. Ta giyar na bar miki, ki faɗa wa uwarki da bakinki. Ki yi fushi da ni, na ɗauka. Gara fushinki da kukanki.

Lovina

Penn Yan, 5 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba.

Wasiƙarki ta farko jiya na gan ta. Mama ce ta ɗauko ta ranar da ake haihuwar 'yan aladu, ta cusa ta cikin littafin tallan iri, ta manta. Jiya ta faɗo lokacin da take neman sunan kabewa. Ba shiru na yi miki ba, Gwaggo. Jira nake yi, kullum ina cewa ko kin ƙi ni ne. Da kin ƙara kwana biyar kacal.

Shekaranjiya da safe ina tatsar jar saniya Baba ya shigo garke. Ya tsaya yana gyara igiyar da ba ta lalace ba. Can ya ce, “Elva, akwai ajiyata a wurinki.”

Na ce, “Baba, ajiyar gaskiya ce.”

Ya ce, “Gaskiyar ba ta tsufa a inda na sa ta ba.”

Na ce, “Kai ka tsufa ai.”

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya dube ni kamar saniyar ce ta yi magana. Ya miƙo hannu kawai. Na cire takalmi na zaro takardar daga safata na ba shi. Na bi shi har kicin, ya ɗaga marfin murhu ya jefa ta. Ya ce, “Da tun ranar na yi haka. Na ajiye ta ne don in riƙa dubawa ina jin ni mai gaskiya ne. Wannan ma girman kai ne.” Sai ya wanke hannu ya tafi haɗa akwatunansa.

Kin ce za ki ajiye ta a inda ɓera ba ya kaiwa. To ta je can.

Amma ba ki san komai ba tukuna. Akwai abin da masu giya suka fi tsoro fiye da sanyi. Wani lokaci toshiyar kwalba takan lalace, giyar ta riƙa warin jiƙaƙƙen kwali. In mai rubutu ya ji wannan warin a kwalba ɗaya, sai ya ce tsautsayi ne. In ya ji a biyar, sai ya ce rumbun gidan ne ya ruɓe. Shi ya sa a gidan giya ba a wanke kofi da sabulu mai ƙamshi, tsumman gogewa ma wankinsa daban, ma'ajinsa daban. Marisol ta koya min duk wannan don in kiyaye.

Na ɗauko tsumma ɗaya daga can. Na jiƙa shi, na naɗe shi cikin tsohon kwali, na tura bayan buhunan dankali a rumbunmu na ƙasa. Yau na shinshina shi. Ya nuna.

Kofi shida za a jera wa matar a teburin Mista Teague, ni ce mai gogewa. Na biyar shi ne na inabin Baba. Jiya Marisol ta zuba min ɗigo ta ce, “Ungo, aikin tsohonki ne.” Gwaggo, lemun tsami ne da farko, sai dutsen rafi in ruwa ya jiƙa shi, sai ɗan ƙamshin kananzir kamar na fitilar Kaka. Yawu ya cika min baki. Bayan na tofar, sai zaƙi ya biyo baya a hankali kamar zuma a bakin cokali, ya daɗe bai tafi ba. Na shiga bayan ganga na yi kuka. Wannan kofin ba zan taɓa shi da tsumman ba. Sauran biyar kuwa, shi da Allahnsa.

Mista Teague ya tsaya gaban mutane ya ce aikin Baba ruɓaɓɓe ne. Ina so ya ji yadda abin yake. Kada ki wahalar da ƙafarki zuwa akwati. Kafin amsarki ta iso an gama.

Elva

Penn Yan, 12 ga Mayu

Gwaggo Lovina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya. Katinki ya iso jiya, mai kalma huɗu: “Elva, kada ki yi.” Na gode. Ya tarar na yi. Mama tana ciwon kai tun ranar, Baba lafiya. Bari in ba ki labari yadda ya faru, ba ragi.

Na isa a keke da tsumman cikin aljihun gaban rigata. Masu gidajen giya biyu sun zo da kwalabansu, kowa da teburinsa. Mista Teague ya sa sabuwar riga, yana ta gyara furanni. Na goge kofi biyar da nawa tsumman, na biyar a jeri kuma na goge shi da mai tsabta har yana ƙyalli. Ko gezau ban yi ba. Wannan ya ba ni tsoro fiye da komai.

Matar sunanta Madam Fenwick, gajeriya ce mai furfura, takalminta duk taɓo don ta fara bi ta gonaki. Ta gama da teburin farko da na biyu, tana tofi a bokitin da nake riƙe mata, tana rubutu a ɗan littafi. A can kofunan an riga an zuba kafin ta iso. Da ta zo namu, Mista Teague ya ɗaga kwalba zai zuba da kansa, sai ta ɗaga masa hannu. Ta ɗauki kofin wofi ta sa hanci a ciki.

Gwaggo, ban san suna yin haka ba. Marisol ba ta taɓa gaya min ba. Ashe wanda ya san aikin, kofin yake fara shinshinawa kafin giyar.

Ta ajiye. Ta ɗauki na biyu. Na uku. Har shida. Ta ce, “Mista Teague, kofunanka suna warin rumbun dankali.”

Ya fizgi ɗaya ya shaƙa, fuskarsa ta yi ja kamar jar giyarsa. Ya juyo kaina. “'Yar Hula! Aiki ɗaya aka ba ki! Ku yi haƙuri jama'a, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ubanta ne ya kashe min layi goma sha takwas da sakaci.”

Madam Fenwick ta ce, “Sakaci ba ya tsallake kofi ɗaya.” Ta ɗaga na biyar. “Wannan tas yake. Wanda ya yi aikin nan akwai giyar da yake so a teburin nan. Zuba min ita.”

Ya zuba. Ta shaƙa, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Na miƙa bokiti. Ba ta tofar ba, ta haɗiye. Ta ce tun safe take ɗanɗana tuffa ɗanya, sai yanzu ta samu wadda aka bari ta nuna, kuma wanda ya kula da inabin nan ya san ranar da ya kamata ya tsinka. Mista Teague ya ce ai da hannunsa ya raine su, kuma ita ce ta ƙarshe saboda sakacin da ya ambata.

Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla. Ta ce, “Yarinya, ya sunanki?”

Na ce Elva Sensenig. Muryata kamar ta kaza.

“Mene ne tsakaninki da na biyar?”

Kin san ni, Gwaggo. A makaranta malama ta bar kirana don in na tashi karatu sai in yi ta kuka. Amma takardar nan na karanta ta sau ɗari a bayan garke. Murhu takarda kawai ya ci. Na dubi bokitin da ke hannuna na faɗe ta daga farko, da ranarta. Da na kai “Sanyin da kuke tsoro na zamanin kakanku ne,” sai Madam Orsini mai gidan giyar tsallaken tafki ta saki dariya ɗaya ta kama bakinta, ta juya ga Mista Teague. Ta ce, “Corwin, ai wannan maganarka ce. Ka faɗa min ita a taron manoma, har ka ce in daina ɓata man tarakta.”

Mista Teague ya ce, “Ina takardar?”

Na ce, “Baba ya ƙona ta don kada ka ji kunya.”

Ban shirya wannan ba. Gaskiyar ce kawai. Amma ta fi tsumman aiki. Ya ce in ajiye bokitin in fita. Na ajiye shi a hankali a kan farin teburinsa, kusa da furanni. Ina fita na ji Madam Fenwick tana cewa a kawo wasu kofuna, sauran biyar ɗin ba su yi laifin komai ba, za ta ɗanɗana su da adalci. Marisol ta biyo ni waje ta ce, “Ke muguwa ce, 'yar shiru-shiru! Da tsummana?” Ta ja min kunne, sannan ta rungume ni.

A gida na faɗa musu duka, har da ɗanɗanon. Mama ta zauna a kan buhun gari. Baba ya dubi murhu. Ya ce, “Cikin biyar ɗin da kika so ɓatawa, biyu inabin Ivan Nolt ne, shi ya noma ya sayar wa Teague. Me ya yi miki?” Ban san haka ba, Gwaggo. Ko kaɗan ban yi tunanin akwai gumin wani a kwalaban ba sai na mutumin. Wannan kam ya shige ni.

Jiya Madam Orsini ta zo da motarta har ƙofar rumfar akwatuna. Ta ce tana da sababbin layuka da za a dasa, tana son wanda ke tsoron sanyin zamanin kaka. Baba ya ce zai yi addu'a a kai. Amma da yamma na gan shi yana wasa almakashinsa na datse rassa, kuma ya nemi ƙarin dankali. Dattijo Burkholder na majami'armu ma ya zo, sun daɗe a garke. Ban san me za a ce a majami'a ba. Baba ya gaya masa bai aike ni ba, ni ma zan faɗa in an tambaye ni.

Baba ya ce gobe da safe zai haɗa keken doki ya kai ni in ba Mista Teague haƙuri. Na ce to. Na wanke tsumman da ruwan zafi sau uku, na shanya, na goge shi, zan mayar masa da kayansa.

Zan tsaya a gabansa in ce na ɓata kofuna biyar da gangan, ya yafe min. Wannan zan faɗa da zuciya ɗaya. Daga nan zan rufe bakina. Baba yana zaton haƙurin na komai da komai ne, ni kuma ban gyara masa ba. In Mista Teague ya tsaya jiran sauran, sai dai ya jira.

Ki gaida Kawu Titus. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

'Yarki,
Elva